Masaƙin da Ya Ƙi a Riƙe Masa Yatsa

Akwai wani masaƙin kwanduna da ake kira Gwani. Makaho ne tun yana ɗan shekara tara, yanzu kuma ya ba hamsin baya. Idan ka miƙa masa zaren roba ya shafa sau ɗaya, zai gaya maka ko zai yi shekara biyar ko rana za ta cinye shi kafin wata shida.

Su ashirin da biyu ne, maza da mata, duk makafi, suke saƙa a ɗaki ɗaya. Ɗakin yana ƙasan wani bene a bakin titi, tsakanin shagon mai walda da na mai gyaran waya. Kowa da wurin zamansa, kowa da ƙusar da yake rataye sandarsa. Zaren ma da tsarinsa: mai ƙulli ɗaya a baki ja ne, mai biyu shuɗi, mai uku fari. Ba wanda ya taɓa saƙa kwando da launin da bai yi niyya ba sai Dogo, abokin Gwani, shi ma ya rantse da gangan ya yi.

Ɗan majalisar mazaɓarsu ne ya ba su ɗakin, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Da baki ya ba su, babu takarda. Ya ce su zauna muddin benen yana tsaye. Da wannan ɗakin Gwani yake ciyar da gidansa, da shi ya sa 'yan biyunsa a makaranta.

Sai Allah ya yi wa ɗan majalisar rasuwa, saura shekara biyu wa'adinsa ya cika. Hukumar zaɓe ta sa ranar zaɓen cike gurbi. Jam'iyyarsa ta tsayar da ƙaninsa, wanda benen ya koma hannunsa. Ɗaya jam'iyyar kuma ta tsayar da wata tsohuwar nas da ta yi ritaya.

Kun san yadda zaɓen cike gurbi yake. Babu hutu, babu hayaniya, rabin mutane ma sai an gama suke jin labari. A irin wannan zaɓen, ƙuri'a ashirin da biyu ba abin wasa ba ce.

Wata safiya Ƙanin Marigayi ya zo gaishe su. Tare da shi akwai wani mai ƙatuwar murya da kowa ke kira Kodineta, shi ke tara wa jam'iyyar mutane a unguwar. Ƙanin Marigayi bai shiga ɗakin ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Masaƙa sun ji ƙamshin turarensa, sun ji ƙarar wayoyinsa biyu.

Ya ce wa Kodineta, "Ka gaya musu ina tare da su kamar yadda Yaya yake tare da su. Ka tambaye su, duk suna da katin zaɓe?"

Gwani bai daina saƙa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ido ne babu. Kunne yana nan lafiya lau."

Dogo ya mintsine shi a cinya. Ƙanin Marigayi ya yi 'yar dariya, ya ce wa Kodineta, "Wannan yana da barkwanci," ya koma mota.

Bayan kwana huɗu tsohuwar nas ta zo ita ma. Ta shiga har ciki, ta zauna a benci, ta tambayi kowa sunansa. Ta sa Goggo, wadda ta fi kowa shekaru a ɗakin, ta koya mata fara gindin kwando, ta lalata shi, aka yi ta dariya. Ba ta yi alkawarin komai ba. Ta dai tambaye su abin da ke damunsu, ta tsaya har suka gama faɗa.

Da ta tafi Gwani ya ce, "Ni dai na samu wadda zan zaɓa."

Dogo ya ce, "Kai dai ba ka da kunya. Muna zaune a ɗakin mutane, kana zancen wata nas."

"Marigayi ne ya ba mu ɗakin, Allah ya jiƙansa. Shi na zaɓa sau biyu. Wannan kuma ban san shi ba, shi ma bai san ni ba."

"Ni shi zan zaɓa. Jinin Marigayi ne."

"Zaɓe shi mana. Wa ya riƙe ka?"

A nan maganar take, domin a gaskiya akwai mai riƙe su. A zaɓuka biyu da suka wuce, Kodineta ne yake kawo bas ya kwashe su. A rumfar zaɓe ya ce shi ne ɗan jagoransu, ya shiga da su ɗaya bayan ɗaya, ya kama babban yatsan mutum ya tsoma a tawada ya dangwala. Ba ya tambayar kowa wa yake so. Gwani bai taɓa damuwa ba, tunda dama Marigayi yake so. Sai yanzu abin ya fara yi masa ɗaci.

Ana saura kwana uku zaɓe Kodineta ya dawo shi kaɗai. Ya kashe musu rediyo ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ya ce, "Bayin Allah, na ji ana wani ƙus-ƙus a ɗakin nan. Bari in tuna muku, ɗakin nan babu takarda. Masu neman haya sun dami mai bene, kunyar Yayansa kawai yake ji. Ranar zaɓe bas zai zo da ƙarfe bakwai. Yadda muka saba, haka za mu yi."

Gwani ya ce, "Kodineta, a rediyon nan da ka kashe na ji an ce makaho shi ke zaɓar wanda zai shiga da shi. Ni matata na zaɓa."

"Rediyon ne zai ba ka ɗaki?"

"A'a. Amma shi ma bai taɓa riƙe mini yatsa ba."

Kodineta ya matso har Gwani yana jin numfashinsa. Ya ce, "Gwani, kai kaɗai za ka ja wa mutum ashirin da ɗaya zaman titi. Ka yi tunani."

Da ya fita ba wanda ya kunna rediyon. Sai ƙarar zare kawai kake ji.

Matar Gwani, Uwar Biyu, sabulu da man shafawa take sayarwa a ƙofar gida. Idonta garau, bakinta kuma ya fi idon. Da ya ba ta labari da la'asar, ta ajiye tiren da ke hannunta.

Ta ce, "Malam, in aka rufe ɗakin nan ina za ka kai zaren? Tsakar gidan nan ko akuya ba ta iya juyawa."

"Na sani."

"Ƙuri'a ɗaya ce fa. Ka bar shi ya dangwala inda yake so, Allah ya san abin da ke zuciyarka."

"Allah ya sani, akwatin ne bai sani ba. Uwar Biyu, shekara arba'in ana ja na a titi, ban taɓa cewa komai ba, don hanya ce ba na gani. Amma wanda nake so ya wakilce ni, wannan ba da ido ake ganinsa ba."

Ta ce, "Taurin kanka ne ya sa na aure ka, shi ne kuma zai kashe ni. To in ya hana ni shiga fa?"

"Shi ya sa nake so ki kai ni makaranta yanzu."

A bangon makarantar firamare, inda rumfar zaɓensu take, hukuma ta manna samfurin takardar ƙuri'a, daidai girman ta gaske. Uwar Biyu ta ɗora hannunsa a kai. Ta karanta masa: jam'iyyu takwas, kowace da layinta, an jera daga sama zuwa ƙasa. Nas tana layi na uku. Ƙanin Marigayi yana na shida.

Gwani ya auna kamar yadda yake auna bakin kwando. Kowane layi faɗin yatsa biyu ne. Ya sa ta riƙe masa yatsa a kan kowane layi, ya ƙirga daga sama, ya sake ƙirgawa daga ƙasa.

Ya ce, "Ta ina zan gane sama?"

Ta duba ta ce, "An zana wasu ɗigo-ɗigo a saman. Nan ake yage ta daga littafi."

"Shi ke nan. Gefen da aka yaga ba ya santsi."

Ranar zaɓe bas ya zo kafin ƙarfe bakwai. Uwar Biyu ta sa ƙafa za ta hau, Kodineta ya tare ƙofa.

"Hajiya, babu wuri. Na masu lalura ne kawai."

"Ga kujeru can babu kowa."

"Na kaya ne."

Ta ce wa mijinta, "Malam, ka je, ina tafe a ƙasa." Ta gyara mayafinta ta kama hanya. Tafiyar rabin awa ce.

A makarantar an ce masu lalura su fara. Malamar zaɓe, wata matashiya mai sanyin murya, tana zaune a tebur tana duba kati tana yago takarda. Kodineta ya ce mata shi ne ɗan jagoransu gaba ɗaya, haka aka saba. Ba ta musa ba. Ya shiga da Goggo, ya fito. Ya shiga da mutum huɗu bayanta. Kowanne ko minti ɗaya bai yi ba.

Aka kira Gwani.

Ya ce, "Malama, matata nake jira."

Kodineta ya ce, "Layi ba ya jiran matar kowa. Taho." Ya ja shi zuwa bayan labule, ya shimfiɗa takardar a kan katako, ya kama babban yatsansa na dama ya danna a tawada.

Gwani ya sa hannun hagu ya shafa takardar. Ga gefen da ba ya santsi, a sama. Ya ɗora yatsu biyu, ya sauko, ya sake saukowa. Kodineta yana jan hannun daman ƙasa, ƙasa da inda hannun hagun ya tsaya.

Gwani ya ƙame hannunsa. Hannun da ya yi shekara talatin yana jan zaren roba ba ya lanƙwasuwa don wani ya so.

Ya ce, "Wannan layi na shida ne."

"Wa ya gaya maka? Nan ne inda kake so. Saki hannunka."

"Ka ma tambaye ni inda nake so? Layi na shida ne. Ni na uku na zo yi."

Kodineta ya rage murya. "Gwani, ka tuna ɗaki."

Gwani kuwa ɗaga tasa ya yi, har na ƙarshen layi suka ji. "Malama! Zo ki gani! Mutumin nan yana jan yatsana inda ban aike shi ba!"

Malamar zaɓe ta taso ta ɗaga labulen. Ta tarar da yatsan Gwani da tawada a tsaye a iska, Kodineta ya riƙe wuyan hannun da hannu bibbiyu, gumi na zuba.

Kodineta ya ce, "Malama, kin san su, ba ya gani, ruɗewa ya yi."

Gwani ya ce, "Ba na gani, gaskiya ne. Amma layi takwas ne a takardar nan, kowane faɗin yatsa biyu. Ga sama nan inda kika yaga. Ki duba inda hannuna na hagu yake, ki faɗa wa jama'a ko na ruɗe."

Ta duba. Ta ce, "Yana kan layi na uku." Ta juya wajen Gwani. "Baba, kai ka zaɓi wannan mutumin ya shiga da kai?"

"Ban zaɓe shi ba."

"To Malam, ka sake shi. Doka ta ce shi zai zaɓa. Laifina ne da ban tambaya tun farko ba."

Sai aka ji muryar Goggo daga kan benci. "To ni a layi na nawa aka dangwala mini?"

Kodineta ya kau da kai.

Ta buga sandarta a ƙasa. "Tambaya nake yi! Na haifi wanda ya girme ka, Kodineta. A layi na nawa ka sa ni?"

Dogo ya miƙe. Ya ce, "Ku saurara. Ni Ƙanin Marigayi na zo zaɓa, ba na ɓoyewa, kowa ya ji. Amma wallahi ba za ka taɓa mini hannu ba. Gwani, yatsa nawa ka ce?"

"Bibbiyu. Naka sau shida za ka sauko, in ka iya ƙirga."

"Ka ji ɗan rainin hankali."

Mutane suka fashe da dariya, wasu suka fara tafi. Daidai lokacin Uwar Biyu ta shigo tana haki, takalmi a hannu. Ta ratsa layi ta ce, "Ina mijina? Wa ya taɓa shi?"

Da Kodineta mai hankali ne, da ya ja gefe ya yi shiru. Ƙuri'ar Dogo da ta wasu da yawa tana nan, ta ubangidansa ce. Amma dariyar ce ta tsaya masa a wuya. A ce makaho ya tsinka shi gaban unguwa? Ya fita ya yi waya. Ba a yi minti goma ba wasu ƙarti suka shigo suka kifar da tebur, tawada ta malale a kan takardu, akwati ya fashe. Mutane suka watse. Aka soke zaɓen rumfar.

Kafin masaƙa su koma, an sa wa ɗakin sabon kwaɗo. Zarensu, almakashinsu, kwanduna arba'in da wani mai kanti ya ba su aiki, duk suna ciki.

Nan fa aka juyo kan Gwani. Wani ya ce, "Ga abin da bakinka ya ja mana." Wata ta fashe da kuka, ta ce marayu uku take riƙo. Dogo ma bai yi masa magana ba.

Gwani ya shafa kwaɗon, ya ji nauyinsa. Ya ce, "Ban ce ku yafe mini ba. Amma gobe ƙarfe takwas ina nan. Wanda ya ga dama ya zo da tsohon kwando daga gida."

Washegari ya zo, Uwar Biyu na biye da tabarma. Ya shimfiɗa a gefen titi daidai ƙofar da aka kulle, ya jingina sandarsa da bango, ya warware tsohon kwandon gidansa ya fara saƙa shi sabo. Goggo ce ta fara zuwa. Sai mutum uku. Wajen ƙarfe goma aka ji takun Dogo.

Ya ce, "Matsa. Nan ne wurina, ko a waje ne."

"Na ɗauka fushi kake yi."

"Ina yi. A zaune zan yi abina."

Kafin kwana uku su ashirin da biyu sun cika, kowa ya zauna gefen wanda ya saba zama. Rana ta dake su. Ƙurar motoci ta shiga musu baki. Mai kanti ya gaji da jira ya kai aikinsa wani wuri. Akwai ranar da ruwa ya sauko, mai walda ya jawo kwanon rufi biyu ya kafa musu. Wani ya tsaya zai jefa musu sadaka, Goggo ta ce, "Ɗauki abinka, ɗana. In kwando kake so ka yi magana."

A kwanakin ne hukuma ta fitar da sanarwa. Ƙanin Marigayi yana gaba a sauran rumfuna, amma tazarar ba ta kai yawan masu rajista a rumfar da aka soke ba. Don haka zaɓe bai kammala ba. Za a sake shi bayan mako biyu, a rumfar makarantar kaɗai.

Kun gane abin da ya faru? Kujerar majalisa gaba ɗaya ta dawo hannun unguwa ɗaya. Mutanen unguwar kuwa kullum sai sun bi ta gaban benen, sun ga makafi ashirin da biyu suna saƙa a rana, da kwaɗo a bayansu.

Kodineta ya zo sau biyu. Na farko da barazana, ya ce zai sa a kwashe su. Gwani ya ce, "Titin ma na mai bene ne?" Na biyu da lallashi, ya ce zai buɗe ranar zaɓe da yamma in sun yi abin da ya kamata. Gwani ya ce, "Kai ba ka da bene. Ka turo mai shi."

Ana saura kwana huɗu mai shi ya zo. Babu jiniya, babu rakiya. Ya yi sallama, aka amsa. Ya ciro mukulli ya miƙa wa Gwani, ya tsaya yana jira. Gwani yana ta saƙarsa. Mutumin ya daɗe hannu a miƙe, mai gyaran waya da abokan cinikinsa suna kallo, kafin ya tuna Gwani ba ya gani. Kunya ta kama shi. Ya tsuguna a bakin tabarma.

Ya ce, "Gwani, mukulli ne a hannuna. Ban san an yi haka ba."

"Ka sani, ranka ya daɗe. Kwana goma ke nan. Motarka ta wuce nan sau shida, na san kukan injinta."

Ƙanin Marigayi ya ce, "Na sani. Na yi kuskure. Ku koma ɗakinku."

"Har zuwa yaushe? Zuwa ranar da za a faɗi sakamako?"

"Haba Gwani."

"Yayanka da baki ya ba mu, bakinsa kuma ya isa. Kai takarda za ka rubuta: ɗakin nan muna ciki muddin benen yana tsaye, ko ka ci ko ka faɗi. Mai walda da mai gyaran waya su sa hannu. Matata ta karanta mana da ƙarfi."

"In na rubuta, ƙuri'un fa?"

Gwani ya ajiye kwandon. Ya ce, "Ba sa cikin takardar. Ni dai in gaya maka tun yanzu don kada ka ce na yaudare ka: ba kai zan zaɓa ba. Dogo kai zai zaɓa, shi dama ba ya jin magana. Sauran ban sani ba, ba kuma zan tambaye su ba. In ka ga ba za ka iya ba, mayar da mukullinka aljihu. Mun fara sabawa da rana."

Matar nan mai marayu ta ja numfashi. Uwar Biyu ta damƙe gefen zaninta. Mai walda ma ya kashe injinsa.

Ƙanin Marigayi ya dubi mutanen da suka taru. Ya dubi hannuwan da ke kan tabarma, duk zare ya yayyanka su. Ya ce wa mai gyaran waya, "Ba ni biro da takarda."

Ya rubuta a kan gwiwarsa. Uwar Biyu ta karanta, Gwani ya sa ta maimaita wurin "ko na ci ko na faɗi". Shaidu suka sa hannu. Sannan mutumin ya kamo hannun Gwani, ya buɗe tafin, ya sa mukullin a ciki.

Gwani ya miƙa wa Goggo. Ya ce, "Ke ce babba. Buɗe mana."

Ranar da aka sake zaɓen babu bas, babu Kodineta. An ce ubangidansa ya sallame shi tun daren da aka rubuta takardar, 'yan sanda kuma suna nemansa kan akwatin da aka fasa. Masaƙa da ƙafa suka tafi, kowa da wanda ya zaɓa: wani matarsa, wata 'yarta, wani maƙwabcinsa. Gwani ya shiga da Uwar Biyu, amma ya ce ta tsaya kawai ta gani. Ya shafa, ya ƙirga, ya dangwala da kansa.

Da yamma aka faɗi sakamako. Ƙanin Marigayi ya ci da ƙuri'a goma sha ɗaya.

Washegari Dogo ya shigo ɗakin yana waƙa. Ya ce, "Ina Gwani? Ina mai nas? An sha ƙasa! Cikin goma sha ɗayan nan ɗaya tawa ce, sai a riƙa gaishe ni."

Gwani ya ce, "Barka. Mun faɗi."

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana. Saura shekara biyu a sake. Matsa mini, kana zaune a kan zarena."

Darasi: Wanda ya taimake ka bai sayi ra'ayinka ba, kuma rashin ido, rashin kuɗi ko rashin gata ba rashin hankali ba ne. Kodineta yana da ƙuri'u a hannu, girman kai ya sa ya zubar da su ya zubar da kansa. Gwani bai ci zaɓe ba, amma ya tsira da ɗakinsa da mutuncinsa saboda ya ƙi sakin hannu a minti ɗaya da ake so ya saki. Mu da muke da ido biyu, sau nawa aka riƙe mana yatsa muka yi shiru? Ƙuri'arka taka ce, ko zaɓen babba ne ko na cike gurbi. Ka fita, ka yi da kanka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san an saba yanke masa hukunci yana zaune a wurin.